Goruba da Dabino da Jirgin Ruwa: Mallaka da Tafiya a Ƙauyen Wad Hamid na Ɗayyib Salih

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Larabci na zamani sun daɗe da sanya Ɗayyib Salih (1929–2009) a sahun gaba na marubuta ƙagaggun labarai. Sai dai mafi yawan abin da aka rubuta a kansa ya taru ne a kan jigo guda, watau karon Gabas da Yamma a littafinsa Mausimul Hijrati ilas Shamal, ma'ana Lokacin Ƙaura zuwa Arewa, wanda ya fara fitowa a mujallar Hiwar ta Bairut a 1966, Denys Johnson-Davies ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1969. Babu musu wannan jigo yana nan. Amma yawan bin tauraron littafin zuwa Landan ya sa an mai da ƙauyen da labarin ya tashi kuma ya ƙare a cikinsa tamkar shimfiɗa kawai.

Manufar wannan maƙala ita ce a koma ƙauyen, a dube shi ta fuskar abubuwa biyu da rayuwar mutanen bakin kogi ta rataya a kansu: wa ke da ƙasa, kuma wa ke da ikon cewa ga inda jirgi zai tsaya. Za a yi haka ne ta nazarin gajerun labarai biyu, Dumatu Wad Hamid (Gorubar Wad Hamid, 1960) da Hafnatu Tamr (Dabino Cikin Tafi), sannan a haɗa su da littafin da aka ambata. Abin da ake son nunawa shi ne, ƙauyen da ya iya tsare abin da ya haɗa shi daga gwamnati, shi ne kuma ya kasa tsare raunanan cikinsa daga masu ƙarfinsa, kuma marubucin da gangan ya tsara hakan.

2.0 Muhallin Labaran

An haifi Ɗayyib Salih a Karmakol, kusa da garin Dabba a arewacin Sudan, daidai inda Kogin Nilu ya yi wata babbar lanƙwasa. Wad Hamid, dandalin mafi yawan labaransa, ƙauye ne na ƙage, amma an ɗora shi a kan wannan yanki. Ƙasar noma a nan ƴar siririya ce, tana bin gaɓar kogi kamar ɗamara. Da an wuce inda ruwa ke kai wa sai rairayi. Saboda haka dukiya ba ta wuce abu uku ba: ƴar gonar da ake aunawa da faddan, wanda ya ɗara eka ɗaya da kaɗan, da itatuwan dabino waɗanda ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya a gada ko a sayar, da kuma hanyar ɗebo ruwa, wadda da can sakiya ce da shanu ke juyawa, daga baya injin ban-ruwa ya maye gurbinta.

Haka kuma a zamanin da aka rubuta labaran, babbar hanyar fita daga yankin ita ce jirgin ruwan da ke zirga-zirga tsakanin Karima, inda reshen layin dogo ya tuƙe, da Dungula. Wanda bai bi jirgi ba sai ya hau babbar mota ya ratsa hamada zuwa Umdurman. Idan mai karatu ya riƙe wannan a zuciya zai gane dalilin da ya sa ƴar ƙaramar maganar matsayar jirgi ta isa ta kai mutane kurkuku.

3.0 Goruba: Abin da Kowa ya Mallaka

Zubin Gorubar Wad Hamid mai sauƙi ne. Wani dattijo ne ke yi wa baƙo ɗan birni bayani, tun daga ƙwarin da ke addabarsu lokacin sanyi da ƙudaje masu cizo na bazara, har ya kai shi gindin gorubar da ke bakin kogi, inda kabarin waliyyin da ƙauyen ya ci sunansa yake. Bahaushe ba ya bukatar a kwatanta masa goruba. Ya san ƴaƴanta, ya san kabarta da ake saƙa tabarma da ita. Abin da zai zame masa sabo shi ne matsayin wannan itaciya guda, wadda mutanen ƙauyen ke gani a mafarki duk lokacin da suka shiga ƙunci, kuma majinyata ke kwana a gindinta.

Sau uku hukuma ta nemi sare ta. Na farko, a zamanin Turawan mulki, don a kafa injin ban-ruwa. Na biyu don a yi matsayar jirgi, wanda kuwa yake wucewa ranar Laraba da ƙarfe huɗu na yamma, daidai lokacin da mutanen ke ziyarar kabarin. Da suka faɗi haka, ma'aikacin gwamnati ya yi dariya ya ce su sauya ranar ziyara, suka far masa. Na uku bayan samun mulkin kai, inda aka ɗaure mutum 20, ƴan adawa suka ɗauki maganar suka yi siyasa da ita har gwamnati ta faɗi. Waɗanda suka hau suka kewaye gorubar da shingen ƙarfe, suka kafa dutsen tunawa, suka tafi ba su sake waiwayowa ba.

A nan akwai abubuwa biyu da ya kamata a lura da su. Na ɗaya, mutanen ba su ƙi jirgi ba; ai kuwa suna hawa jakuna su yi tafiyar safiya guda zuwa garin da yake tsayawa idan bukata ta kama. Abin da suka ƙi shi ne a yanke hukunci a kan gaɓarsu ba tare da shawararsu ba. Na biyu, shingen ƙarfen shi ne babbar asarar da suka yi, ko da yake da sunan girmamawa ya zo. Wanda ya zo da gatari an kore shi, amma wanda ya zo da shinge ya mai da abin da ƙauye ya mallaka kayan tarihin gwamnati, kuma ba injin, ba matsaya. Daɗin daɗawa, tarihin waliyyin kansa maganar mallaka ce da tafiya: bawa ne da ya gudu daga mugun ubangida, ya hau buzun sallarsa bisa ruwa, kogi ya kawo shi wurin. Watau wanda ya kafa ƙauyen mutum ne da aka taɓa mallaka, ya kuɓuta ta hanyar kogi.

4.0 Dabino: Abin da Ɗaya ya Ƙwace

Wanda ya tsaya a labarin goruba zai zaci marubucin yabon ƙauye yake yi. Dabino Cikin Tafi ya rushe wannan zato. Yaro ne ke ba da labari, mai ƙaunar masallaci da kogi da kakansa. Wata rana kakan ya nuna masa filin da ya miƙe daga bakin hamada zuwa gaɓar kogi, ya ce shekara 40 da suka wuce duk na maƙwabcinsu Mas'ud ne ta gado, a lokacin shi bai mallaki komai ba, amma yanzu kashi biyu cikin uku sun dawo hannunsa, kuma yana sa ran saye sauran kafin Mas'ud ya mutu. Laifin Mas'ud a wurinsa shi ne yawan aure. Duk auren da zai yi sai ya sayar da wani yanki.

Ƙwarewar marubucin ta bayyana a wurin yankan dabino. Bai sa kowa ya yi wa'azi ba, lissafi kawai ya kawo. An cika buhu 30. Husaini ɗan kasuwa ya ɗauki 10, baƙi biyu kowanne ya ɗauki 5, Musa mai gonar maƙwabtaka 5, kakan 5. Idan mai karatu ya tara sai ya ga babu ko buhu ɗaya da ya rage wa mai itatuwan, sannan kakan ya tuna masa da sauran bashin fam 50. A duk taron kuwa Mas'ud ne kaɗai ya gargaɗi mai hawan itacen da kada ya sari zuciyar dabinon. Wanda ke tausayin itacen shi ke rasa shi, wanda ke ƙirga shi shi ke samu. Yaron ya ruga bakin kogi ya sa yatsa a maƙogwaro ya amayar da dabinon da ya ci.

Abin lura, babu Bature ko ma'aikacin gwamnati a wannan labari. Mai cin gonar tsoho ne mai farin gemu, mai salla, mai son sauraron karatun jikansa, kuma bai karya wata doka ba. Duk wanda ya san yadda jinginar gona da bashin kaka ke raba talaka da gadonsa a ƙauyukanmu ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ƙauyen da ya tashi kamar mutum ɗaya saboda goruba bai ce uffan ba saboda Mas'ud.

5.0 Ƙaura: Baƙo da Gona da Mace

A Lokacin Ƙaura zuwa Arewa an haɗa zaren biyu. Mai ba da labari ya komo bayan shekara 7 a Turai, ya tarar da baƙo, Mustafa Sa'id, wanda ya zo shekara 5 kafin nan, ya sayi gona, ya auri Husna ƴar Mahmud, ya zama ɗan kwamitin aikin noma. Da shawararsa aka yi amfani da ribar aikin aka kafa injin niƙa da kantin haɗin gwiwa. Wannan mutum, wanda ya koyar da ilmin tattalin arziki a Landan ya kuma yi zaman kurkuku na shekara 7 a can saboda kisan matarsa, da kuɗi da aure ya sayi zama ɗan gari. Amma gona ba ta zaunar da shi ba. A cikin gidansa na ƙasa ya gina ɗakin jan bulo mai murhun jin ɗumi irin na Ingila, cike da littattafai, ya kulle. Da kogi ya cika a wani watan Yuli sai ya ɓace, ya bar wa mai ba da labari wasiyyar ɗakin da ƴaƴansa biyu da matarsa.

Daga nan maganar mallaka ta bar gona ta koma kan mutum. Wad Rayyis, tsoho ɗan kimanin shekara 70, ya nemi auren Husna. Ta ƙi, ta kuma faɗi abin da za ta aikata in an tilasta ta. Mahaifinta ya tilasta ta. Mahjub, shugaban kwamitin noma, mai son ci gaba a sha'anin injuna da kasuwa, bai ga wani abin tada hankali ba, domin a ganinsa mace a ƙarƙashin ikon namiji take. Husna ta kashe Wad Rayyis ta kashe kanta, aka binne su a gaggauce, gari ya yi shiru. Injin ban-ruwa ya kori sakiya, amma hukuncin da ke kan mace yana nan yadda yake.

Ina wasiyyin yake sa'ad da ake wannan? Yana Hartum a Ma'aikatar Ilmi. A nan ne tafiya ta zama laifi. Shi kaɗai ke da damar hawa jirgi ko mota duk lokacin da ya so, kuma da wannan dama ya riƙa guje wa yanke shawara. Husna ta nemi ya aure ta ko da da suna ne don ta tsira, amma saƙon waya ne ya komo da shi bayan an gama komai. Da ya je ya tuhumi Mahjub sai ya same shi yana raba ɗan dabino da uwarsa, aikin da ke bukatar lallashi da kulawa, irin kulawar da ba a yi wa Husna ba. Saboda haka idan a ƙarshen littafin muka ga mai ba da labari a tsakiyar kogi, tsakanin gaɓar kudu da ta arewa, yana neman agaji, bai kamata a taƙaita fassarar a kan Afirka da Turai ba. Mutum ne da aka danƙa wa amana a gaɓa ɗaya alhali albashinsa na ɗaya gaɓar.

6.0 Inda Aka Gaza

Duk da haka akwai wuraren da za a iya tuhumar marubucin. Waɗanda aka zalunta kusan ba su da murya. Mas'ud ta idon yaro muke ganinsa, Husna kuwa ƴan kalmomi kaɗan aka ba ta, mutuwarta ma daga bakin tsohuwa Bint Majzub muka ji ta. Ana iya cewa wannan shirun shi ne saƙon, amma sakamakonsa shi ne azabarsu ta zama darasin da ɗan boko ke koya, shi ne kuma ke cin ribar tausayin mai karatu.

Na biyu shi ne hukuncin da dattijon goruba ya rufe da shi, cewa gaɓar ta isa ta ɗauki goruba da kabari da injin da matsayar jirgi baki ɗaya. Magana ce mai daɗin ji, kuma gaskiya ce muddin abin da gwamnati ke so bai wuce injin guda ba. Tarihi ya nuna iyakarta. Madatsar ruwa ta Marawi, wadda aka buɗe a 2009, shekarar da marubucin ya rasu, ta tada dubun-dubatar mutanen Manasir da Amri da Hamdab da ke sama da Karima, ruwa ya shanye gonakinsu da dabinonsu. Mu ma a nan mun ga yadda tafkin Kainji ya haɗiye tsohuwar Busa a 1968, da yadda rikicin diyyar gonaki a Bakalori ya ƙare da zubar da jinin manoma a 1980. A irin wannan hali babu maganar wuri ya isa kowa. Sai dai adalci ne a tuna cewa dattijon ya ƙara da wani hasashe mai ɗaci, cewa za a kafa injin ranar da mutane suka daina ganin gorubar a mafarki, watau ranar da ƴaƴan da suka tafi makaranta suka yi yawa. Wannan ya fi maganar farko nauyi.

7.0 Kammalawa

A taƙaice, wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa labaran uku tambaya ɗaya suke yi ta fuskoki daban-daban. Goruba ta kowa ce, aka tsare ta. Dabinon Mas'ud nasa ne shi kaɗai, aka cinye shi. Husna kuwa an lissafa ta cikin abin da ake mallaka, aka salwantar da ita. Wanda ke da halin tafiya ko dai ya zo da umarni daga birni, ko ya tsere zuwa birni lokacin da ake bukatarsa. Shawarar da za a ba malaman da ke koyar da wannan marubuci ita ce su fara da gajerun labaran kafin babban littafin, domin ɗalibin da ya ƙirga buhunan Mas'ud ba zai karanta mutuwar Husna a matsayin cutar da aka kwaso daga Landan ba. Zai gane cewa a gida take tun kafin baƙon ya sauka daga jirgi.