Naruto a Wayoyin Morai: Faɗan Ya Iso, Labarin Yana Hanya

Yawancin samarin da suka san Naruto a Morai, da ƙauyukan da ke tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun, ba a littafi suka fara haɗuwa da shi ba. A gem suka gan shi. Wani ya tura wa wani ta Xender a shagon cajin waya, aka buɗe da manhajar PPSSPP, sai ga yaro mai rawayan gashi da kaya ruwan lemo yana rabuwa gida goma yana jibgar abokan gaba. Tunda ta wannan ƙofa labarin ya shigo mana, ita ya kamata mu auna. Abin da muka gani kuwa shi ne, wasannin sun ɗauko faɗan Naruto cif-cif, sun baro dalilin faɗan a baya. A wata ƙasa wannan ƙaramar asara ce. A yankin da ramuwar gayya ta tashi ƙauyuka, asarar ta fi haka nauyi.

Bari mu fara da asalin abin. Masashi Kishimoto ne ya ƙirƙiri Naruto a matsayin labarin zane, irin wanda Japanawa ke kira manga. Mujallar Weekly Shonen Jump ta buga shi daga 1999 zuwa 2014, babi 700, wanda aka tattara a littattafai 72. Kamfanin Pierrot ya mayar da shi katun na talabijin: kashi 220 daga 2002 zuwa 2007, sannan Naruto Shippuden mai kashi 500 daga 2007 zuwa 2017. Jarumin maraya ne. Ranar da aka haife shi mahaifinsa, shugaban garin Konoha, ya kulle wani dodo mai siffar dila da wutsiya tara a cikinsa don ceton gari, iyayen biyu kuma suka rasu a daren. Yaron ya tashi mutanen gari suna ƙyamarsa, iyaye na janye 'ya'yansu daga kusa da shi, shi kuwa bai san laifinsa ba.

Mai karatu ya lura da manyan abokan hamayyar da Kishimoto ya ba shi. Sasuke, abokinsa, ya ga yayansa Itachi ya hallaka danginsu na Uchiha, ya sadaukar da rayuwarsa ga ramuwa, daga baya ya gano cewa manyan garin ne suka sa aka yi kisan. Nagato, wanda ake kira Pain, ɗan wata ƙaramar ƙasa ce da manyan ƙasashe suka mayar filin yaƙinsu, kuma mayaƙan Konoha ne suka kashe iyayensa a gabansa yana yaro. Da ya girma ya kashe Jiraiya, malamin da ya koyar da shi ya kuma koyar da Naruto, sannan ya ruguza Konoha. Kowane mai kisa a labarin yana da kabarin da yake nunawa a matsayin hujjarsa. Ƙololuwar wannan sashe ita ce lokacin da Naruto, bayan ya gama da jikkunan da Nagato ke sarrafawa, ya je ya same shi a maɓoyarsa, ya saurari tarihinsa, yana da ikon kashe shi ya ƙi. Tambayar da ta riƙe littattafai 72 ke nan: wa zai fara ajiye makami alhali shi ma an zalunce shi?

Yanzu mu koma ga wasannin. Kamfanin CyberConnect2 da ke birnin Fukuoka shi ya fi kowa aiki a kansu, tun daga Ultimate Ninja na PlayStation 2 a 2003, Bandai kuma ke fitar da su kasuwa. Amma a wajenmu, inda mai PlayStation a gida ɗaiɗai ne, wanda ya fi yawo shi ne Naruto Shippuden: Ultimate Ninja Impact, na ƙaramar na'urar hannu ta PSP, wanda ya fito a 2011. Abin da ya kawo shi wayoyinmu shi ne PPSSPP, manhajar da wani ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Rydgård, ya saki a 2012, wadda ke sa wayar Android ta yi aikin PSP.

Ba za mu tauye wa Impact haƙƙinsa ba. Wasa ne mai sauƙin shiga, ba ya neman waya mai tsada, ba ya cin data. A watan Satumbar 2021, da aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara na makonni, aka kuma rufe kasuwannin mako, irin waɗannan wasannin da ba su buƙatar intanet suna cikin 'yan abubuwan da suka rage wa matashi a wayarsa. Kuma duniyar da wasan ke nunawa ba baƙuwarmu ba ce. Wanda ya tashi yana jin labarin layar zana da baduhu da sagau, ko ya karanta littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini inda sadauki ɗaya ke tarwatsa runduna, ba sai an yi masa dogon bayani a kan mayaƙin da ke ɓacewa ya bar guntun icce a wurinsa ba.

Matsalar tana cikin ginin wasan. Impact yana jefa ka fili, abokan gaba su yi maka caa, goma-goma, ɗari-ɗari, kusan duk kama ɗaya, babu suna babu tarihi. Aikinka ka share su. Idan ka gama a ba ka maki da daraja, a buɗe maka sabon mayaƙi ko sabon kati na ƙara ƙarfi. Labarin kuwa yana zuwa ne tsakanin faɗa da faɗa, galibi hotunan fuskoki da rubutun Turanci a ƙasa, kuma ana iya tsallake shi da danna maɓalli. Yaron da Turancinsa bai nuna ba, ga caji na gudu, ga abokai uku na jiran a miƙa musu wayar, me zai tsaya karantawa? Wasan ya ratsa ta labarin Pain, amma mai wasa zai iya kammala shi bai taɓa sanin cewa mutanen garin jarumin ne suka kashe iyayen mutumin ba. A hannunsa Pain shugaban mugaye ne mai jini da yawa, a doke shi a wuce. Littafin da aka gina a kan cewa kowane maƙiyi ɗan wani ne, ya zama wasan da maƙiyi ba shi da fuska.

Wasan bidiyo yana koyarwa ne ta abin da yake sa hannunka ya maimaita, fiye da abin da yake rubuta maka a fuskar waya. Impact yana da maɓallin duka, da na tsalle, da na tara ƙarfi, da na kare kai. Babban aikin da Naruto ya yi a gaban Nagato, wato tsayawa ya saurara, ba shi da maɓalli.

Manyan wasannin jerin Ultimate Ninja Storm, waɗanda aka fi samu a gidajen gem na birane kamar Gusau da Sakkwato, sun fi mutunta labarin. Na farko ya fito a 2008 a PlayStation 3, na biyu a 2010, na uku a 2013, na huɗu a 2016, sai Connections a 2023, kuma a 2024 an kawo na farkon wayoyin hannu. Ta fuskar zane babu abin cewa, wasu faɗace-faɗacen sun fi na katun ɗin kansa kyau. Storm 2 ya ba mutuwar Jiraiya da ganawa da Nagato lokacinsu. Sai dai ko a nan, da zarar an zo wurin da ya fi muhimmanci sai a karɓe ragama daga hannun mai wasa, ya koma ɗan kallo. Ya yi dukan da kansa, afuwar kuwa a yi ta a madadinsa. Storm 3 ya zo da abin da ya kira babban zaɓi, inda wasan ke tsayawa ya ce ka ɗauki ɗaya cikin hanyoyi biyu. Da ka duba sai ka ga zaɓin tsakanin faɗa mai wuya ne da faɗa mai sauƙi. An nuna maka mararraba, hanyoyin biyu kuma gida ɗaya suka nufa. Ga kuma gaskiyar gidan gem: mai biyan kuɗin wasa ba ya shiga sashen labari, ni da kai ake bugawa, wanda aka doke ya miƙa.

Wurare biyu muka ga an yi abin da ya dace. Na farko shi ne ƙarshen Storm 4, karon ƙarshe tsakanin Naruto da Sasuke. Bayan an gama barin wuta da manyan dabaru, ƙarfin kowa ya ƙare, wasan ya bar ka da mutum biyu gajiyayyu suna kai wa juna naushi da ƙyar, kamar 'yan damben da suka kai turmi na uku hannu ya yi nauyi. Kana dannawa kana jin cewa faɗan nan ya isa haka. A ƙarshe kowannensu ya rasa hannu guda. Na biyu shi ne Rise of a Ninja, wanda reshen Ubisoft na Montreal a Kanada ya yi wa Xbox 360 a 2007. A cikinsa kana yawo a Konoha mutanen gari suna ɗaure maka fuska, sai ka yi ta yi musu hidima, aike da kai saƙo da taimako, sannan ɗaya bayan ɗaya su sake da kai. Wannan wasa ya gane cewa yaƙin Naruto na farko da ƙyamar maƙwabta ne, ya kuma sa mai wasa ya ɗanɗana. Abin takaici, shi ne wanda bai taɓa zuwa wayoyinmu ba.

Kada a ɗauka muna cewa gem ne ke sa yaro ya ɗauki bindiga. Masifar da ke yankinmu tana da sanannun tushe: rikicin gona da burtali, satar shanu, rashin adalci a wurin shari'a, makamai da suka yi yawa, da ramuwa tsakanin 'yan sa-kai da 'yan bindiga wadda ta ci waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. A shekarar 2021 kaɗai an sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe da ke ƙaramar hukumar Talata Mafara, an kai hari kwalejin aikin gona ta Bakura, an kwashe ɗalibai 73 a Kaya ta Maradun. Babu hannun Naruto a ciki. Abin da muke cewa shi ne, yaran da suka girma cikin wannan hali, cikinsu har da marayun da ke da wanda suke zargi da jinin mahaifinsu, an miƙa musu labarin da ya yi shekara 15 yana juya irin tambayar da ke cin zuciyarsu, amma an zare tambayar kafin ya iso hannunsu.

Shi ma Kishimoto bai kuɓuta daga suka ba, kuma ɗan Zamfara ya fi kowa cancantar yin ta. Bayan Nagato ya sauko, sai ya yi amfani da wata dabara ya dawo da ran duk waɗanda ya kashe a harin Konoha, shi ya mutu. Marubucin ya sauƙaƙa wa kansa. Yafe wa wanda zai dawo maka da mamatanka ba abu ne mai wuya ba. Jiraiya kaɗai bai dawo ba, kuma a kansa ne afuwar Naruto take da nauyi. Haka Orochimaru, wanda ya yi gwaje-gwaje a kan yara, ya ƙare labarin yana raye yana harkokinsa. Mu nan mun san wannan muhawara da idonmu. Gwamna Bello Matawalle, ɗan Maradun, ya gwada sulhu da 'yan bindiga daga 2019, daga baya ya janye. Gwamna Dauda Lawal da ya gaje shi a 2023 ya ce ba zai yi ba. A majalisun hira har yau ana ja: sulhu ba tare da hukunci ba zaman lafiya ne ko jinkirta wuta? Wa ke da ikon yafewa a madadin matar da aka kashe wa miji? Littafin Naruto bai amsa wannan da kyau ba, amma ya ajiye ta a faifai, har mai karatu zai iya yi masa gardama. Wasan da ya cire ta bai bar maka abin gardama ba.

Kuma kada a ce wasan bidiyo ba zai iya ɗaukar irin wannan nauyi ba. Undertale, wanda Ba'amurke Toby Fox ya fitar a 2015, ana iya gama shi ba a kashe kowa ba, kuma yana riƙe lissafin wanda ka kashe ya canza maka ƙarshen labari. This War of Mine na wani kamfanin ƙasar Polan, na 2014, ya sa ka a matsayin farar hula da ke neman abinci da magani a garin da aka yi wa ƙawanya, kuma yana nan a Android. Masu yin wasannin Naruto sun fi waɗannan kuɗi da ma'aikata. Sun dai san abin da ke sayuwa ne, suka tsaya a kansa fiye da shekara 20.

Hukuncinmu ke nan: Impact wasa ne mai daɗin bugawa, amma a matsayin fassarar littafin Kishimoto ya gaza. Storm ya fi shi kyau da biyayya ga labari, sai dai sau ɗaya tak ya amince wa mai wasa ya ji nauyin abin a hannunsa. Wanda ƙaninsa ko ɗansa ke buga su, ba ƙwace wayar ne magani ba. Ya zauna kusa da shi, in an zo kan Pain ya tambaye shi ko ya san abin da ya sa mutumin nan ya rusa garin. In bai sani ba, a ba shi labarin da Hausa, sannan a tambaye shi abin da shi zai yi da ya tsinci kansa a gaban Nagato. Marubutanmu na littattafan yaƙi da matasanmu masu koyon haɗa manhaja su ma ga aiki nan a gabansu, domin labarin maraya da ramuwa muna da shi a gida, kuma mun fi Fukuoka sanin yadda yake ƙarewa.