Misalin Ɗa Mubazzari: Ina Sulhun Wa da Ƙane?

Misalin ɗa mubazzari da ke Luka 15:11-32, wanda Kiristocin Tudun Wada da Doguwa ke karantawa da Hausa, ya kyautata siffanta jinƙan uba, domin ya rungumi ɗansa tun kafin ya nemi gafara. Sai dai labarin ya ƙare wansa yana waje cikin fushi, ba a ambaci shigarsa gida ba. Alhali rikicin gonar gado da ke yanke zumunci a ƙauyukanmu, galibi tsakanin wa da ƙane yake. Suratu Yusuf ta kai inda misalin ya tsaya: Annabi Yusuf (AS), wanda aka zalunta, ya yafe wa 'yan'uwansa yana da ikon ramuwa. Yafiyar uba kaɗai ba ta ɗinke ɓarakar gida. Wallahu a'alam.