Al'adar Gyaran Tsohuwar MGB a Garejin Gida

A Ingila akwai mutanen da Asabar ba ta wuce su sai a kwance ƙarƙashin mota. Ba makanikai ba ne. Wani malamin makaranta ne, wani akawu, da yawansu 'yan fansho. Ɗaya daga cikin motocin da suka fi tara irin waɗannan mutane ita ce MGB, 'yar ƙaramar motar gudu da kamfanin MG ya riƙa ƙerawa a garin Abingdon daga 1962 zuwa 1980. An yi fiye da guda 500,000, mafi yawansu aka kai ƙasashen waje, musamman Amurka. An rufe masana'antar tun 1980, amma har yau dubbai na yawo a kan titi, kuma galibi masu su ne ke kula da su da hannunsu.

Abin da ya raya wannan al'ada ba ƙarfin motar ba ne, don ko a zamaninta akwai waɗanda suka fi ta gudu. Sirrin shi ne ba ta ɓoye komai. Ka ɗaga bonet, ga inji mai silinda 4, ga fulogi, ga lagireto, ga kafireta biyu ƙirar SU, kuma akwai sararin da hannu zai shiga. Babu kwamfutar da sai an jona mata na'ura kafin ta faɗi ciwonta. Daidaita kafiretocin nan biyu ma da kunne tsofaffin hannu suke yi: mutum ya kara guntun tiyo a bakin kowace, ya saurari yadda take zuƙar iska, ya yi ta murɗa sukuru har sautin ya zo ɗaya. Wanda ya iya wannan ba ya rasa abin alfahari a taron ƙungiyar masu MG.

Sai kuma littafin gyaran mota. John Haynes, wanda ya rasu a 2019, yana aikin sojan sama a Aden lokacin da ya taya wani abokin aikinsa kwance wata Austin-Healey Sprite. Ya ga littafin da kamfani ya bayar bai dace da wanda ba sana'arsa ba ce, sai ya ɗauki hoton kowane mataki. Littafin da ya haɗa ya fito a 1966, kuma daga nan kamfaninsa ya riƙe ƙa'ida guda: a kwance mota ƙurmus, a sake haɗa ta, sannan a rubuta. Wannan ya ɗauke ilimin daga bakin maigida a gareji ya ɗora shi a takarda. A wajenmu yaro kan shafe shekaru yana miƙa wa ogansa sifana kafin a bar shi ya taɓa inji. Can kuwa mutum ya sayi littafi da safe, da yamma ya fara kwance birki. Akwai 'yanci a ciki, akwai kuma ganganci, domin littafi ba ya kwaɗe maka hannu idan ka ɗaure noti ya wuce kima.

Wutar motar ta sha zagi. Kayan kamfanin Lucas ne, wanda masu mota suka yi wa laƙabin sarkin duhu. A ganina an yi masa rashin adalci, don yawancin abin da ke kashe fitila a motar da ta haura shekara arba'in tsatsa ce a mahaɗar wayoyi, kuma goge wurin kaɗai yakan isa.

Inda nake da ja da al'adar shi ne bodi. MGB ba ta da shasi daban da aka ɗora jiki a kai. Jikin shi ne ƙashin bayanta. Ƙarfin motar, musamman marar rufin ƙarfe, yana cikin dogon ƙarfen nan da ke ƙarƙashin ƙofofi, wanda aka yi shi hawa-hawa, wani cikin wani. Ruwa da gishirin da ake watsawa a titi lokacin sanyi suna shiga ciki, tsatsa ta ci daga ciki zuwa waje. Kafin fenti ya kumbura, ɓarna ta riga ta yi nisa. Masana kan ɗaga motar da jak su duba ƙofa: in ta cije ko tazararta ta canza, jikin ya fara lanƙwasa. Gyaran wannan sai yanka da walda, sai an tokare jikin kada ya karkace, aiki ne na wanda ya ƙware. Amma mai gyaran gida ya fi son abin da ke ba shi daɗi nan take. Zai kwana yana goge murfin inji, ya sa sabbin kujerun fata, sannan ya cusa fila a rami ya fesa fenti. Kyan ɗan maciji ke nan.

Doka ma ta ƙara buɗe wannan ƙofa. Tun 2018 aka ɗauke wa mafi yawan motocin da suka wuce shekara 40 tilascin gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, wato MOT. Hujjar ita ce masu irin waɗannan motoci suna tattalinsu. Gaskiya ne suna tattali, sai dai ƙauna ba ta hango tsatsar da ke cikin ƙarfe. Kowace MGB a yau ta cika waɗannan shekaru, don haka mai gyara shi ne kuma mai duba aikin kansa, in ba da ra'ayinsa ya kai ta gwaji ba.

Man fetur ma ya sauya. An daina sayar da mai darma a 2000, a 2021 kuma aka kawo E10 mai yawan sinadarin itanol, wanda ke cin tsofaffin tiyon roba. Tiyon mai da ya tsage kusa da inji mai zafi ba abin koyon hannu ba ne.

Kayan gyara dai ba su yanke ba. Tun 1988 kamfanin British Motor Heritage yake buga sabon jikin MGB sukutum da ainihin injinan matsa ƙarfe na da, har ana gardama ko motar da aka sauya wa jiki gaba ɗaya ita ce ta asali. Wannan gardamar masu kuɗi ce. Mai ƙaramin ƙarfi ya yi giris da juyen baƙin mai da kafireta da kansa, wannan duk daidai ne. Amma walda da duban ƙarƙashin mota, ya kai wa wanda ya iya, kuma ya riƙa kai ta MOT ko da doka ta yafe masa.