Fatar Wanzami: Inda Kaifin Aska Yake Kwana

Wanda ya zauna gaban wanzami a Ƙofar Gayan, ko a wata unguwa cikin ganuwar Zariya, abin da yake gani shi ne aska da sabulu da ɗan ruwa a kasko. Da wuya ya lura da guntuwar fatar da ake zarowa daga zabira, a shimfiɗa bisa cinya, a goga askar a kanta kafin ta taɓa kai. Wani wanzamin ma ba ya neman fata, tafin hannunsa ya ishe shi. A ganina rabin gwanintar aski tana cikin wannan ɗan motsin, kuma shi ne ya fara ɓacewa daga sana'ar.

Aiki biyu ne mutane ke haɗawa wuri guda. Washi a kan dutse cin ƙarfe yake yi, yana fitar da sabon baki. Gugar fata kuwa kusan ba ta rage komai. Bakin aska ya fi gashin da yake yankewa siranta nesa ba kusa ba, saboda haka duk askin da aka yi sai ya ɗan lanƙwashe nan da can, ya kwashi danshi, tsatsar da ido ba ya gani ta fara kama shi. Fata ce ke miƙar da shi, ta share shi, ta mayar masa da santsi. Wanzamin da ke rugawa wurin dutse duk lokacin da aska ta fara jan gashi cinye askarsa yake yi, bayan 'yan shekaru sai ya ga faɗinta ya tafi. Gwani yakan daɗe bai taɓa dutse ba, amma ba ya aske kai ɗaya bai koma kan fata ba, wani lokaci har a tsakiyar aski. Hausawa sun ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Fatar goshi tana da laushi, gaskiya ne, amma kuma kafin a iso nan askar ta gaji, kumfa ya fara bushewa.

Koyon gugar ba ya ɗaukar dogon bayani, hannu ne ke daɗewa bai karɓa ba. Ana kwantar da aska shamɓal, baki da baya duk suna taɓa fata. Bayan askar ne ke gaba, bakin yana biye, akasin yadda ake yi a kan dutse. In an kai ƙarshe sai a mirgina ta a kan bayanta, a dawo. Nan yara suke faɗuwa. Yaro yana ganin saurin maigidansa sai ya so kwaikwayo, ya juya askar a kan baki, ya datse fatar, ya dakushe abin da aka ce ya gyara. Ko kuma ya danna da ƙarfi, fatar ta lotsa ta naɗe bakin, kaifin ya zama mulmulalle. Nauyin askar kaɗai ake so. Maigida ba ya bukatar dubawa, kunnensa ke gaya masa: guga mai kyau sautinta ɗaya ne tafiya da dawowa, da ya canza ya san an ɗaga bayan aska. Shi ya sa ya kamata a fara ba mai koyo tsohuwar aska da tsohuwar fata. Daga nan a gwada a gashin damtse. In gashin yana zuba ba tare da an danna ba, ta yi.

M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950, ya nuna yadda sana'o'in Hausawa ke bin gado, wanzanci kuwa yana cikin waɗanda suka fi riƙe wannan. Ɗan gado ya ji sautin gugar tun yana ɗaukar wa ubansa zabira zuwa gidan suna. Wanda ya yi haye sai ya nemi abin da gangan. Kan jariri ɗan kwana bakwai ba wurin gwaji ba ne, kuma Sarkin Aska na kowane gari ya san sunan 'yan sana'arsa yana rataye da irin wannan safiya.

Batun zaɓen fata ya fi ba ni sha'awa, domin a nan muna da abin da duniya ke nema. Masu aska a Turai da Amurka suna biyan kuɗi mai yawa a kan fatar doki, musamman ta wajen kuturi, saboda matsewarta. Sukan haɗa ta da ƙyallen lilin na share baki kafin a hau fata, wasu su shafa koren garin goge ƙarfe a wata fatar daban. Abin da galibinsu suka yarda da shi shi ne jimar itace ta fi jimar sinadari a wannan aiki, don ta fi tsayawa da ƙarfinta. To, jimar bagaruwa da majemanmu suka gada ita ce wannan. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna har ƙetaren hamada, sai dai ta yi laushi da siranta in za a rataye ta a ja. A manna ta a kan katako mai santsi, sai ta yi daidai. Fatar saniya mai kauri ta fi dacewa da cinya. Kowace ce, kada ta kasance da ɗinki, ko tabon ƙaya, ko tsagar wuƙar fiɗa. Tsakuwa ɗaya ta ƙurar hunturu in ta nutse a ciki ta isa ta yi wa baki giɓi, don haka a naɗe ta a ajiye. In ta bushe, shafar tafin hannu ta fi zuba mata mai. A Samaru akwai cibiyar binciken fata ta ƙasa, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga Ƙofar Gayan, kuma irin wannan ƙaramin kaya bai fi ƙarfin dukawan birni ba.

Reza ta zo ta sauya komai. Tun da Gillette ya sami rajistar ƙirarsa a Amurka a 1904, askar da ake yarwa ta yi ta cin kasuwar askar Shefil da Solingen, daga baya ta iso wurin maƙeranmu. A nan kuma akwai dalilin da ya fi batun sauƙi nauyi. Bayan bayyanar cutar ƙanjamau a Najeriya a 1986, ma'aikatan lafiya suka dage a kan sabuwar reza ga kowane kai, kuma gaskiyarsu. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin mako guda a busasshen jini ba ta mutu ba. Fata kuwa tana shan abu, ba a dafa ta, ba a ƙona ta. Askar da ta ɗanɗani jini aka mayar kan fata ba a wanke ba, ta bar wa na baya abin da bai sani ba. Ƙofar Gayan, unguwar da asibitin Gambo Sawaba yake cikinta, ba ta rasa masu faɗin wannan.

Ban ga dalilin da zai sa tsafta ta kashe gugar ba. A wanke aska, a tsoma ta a maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta bushe, sannan ta hau fata, a sake share ta kafin aski. Aikin jini, irin su kaciya da ƙaho, a bar wa reza sabuwa. Magidanci kuma yana iya mallakar askarsa da fatarsa a gida, wanzami ya zo ranar Juma'a da safe ya goga ya yi masa aski, in dutse take bukata ya tafi da ita ya dawo da ita wani makon.