Kunnen 'Yan Kallo a Kiɗan Hawan Sallar Kano

Ranar Hawan Daushe, tun bayan azahar filin Ƙofar Kudu yake cika. Masu katin gayyata suna cikin rumfa, sauran jama'a na tsaitsaye a rana, yara kuwa wasu a kan katanga, wasu a wuyan yayyensu. Kafin a hango ƙurar doki, sai a jiyo ganga daga nesa, algaita na biye da ita. A nan ake bambance ɗan gari da baƙo. Baƙo yakan ɗaga waya ya jira abin da zai ɓullo. Ɗan gari kuwa yakan karkata kunne ya faɗi sarautar da ke tafe tun bai ga rawaninta ba, domin taken gidan ya riga ya gaya masa.

Yawancin abin da ake rubutawa a kan Hawan Sallar Kano rabon ido ne: alkyabba, lifidi, sulke, kwalkwali, laima, takalman gashin jimina. Ko da hukumar UNESCO ta sa hawan cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu a watan Disambar 2024, hotunan dawaki ne suka cika jaridu. Amma hawa yana da wani rabon na kunne, kuma a cikinsa akwai gasa mai zafi tsakanin makaɗa da mabusa, wadda ke da lokacinta, da rukunoninta, da magoya bayanta. Abin da ba ta da shi kawai shi ne teburin alƙalai. Wannan aiki jama'ar birni ne suka ɗauke shi, kuma sun daɗe suna yin sa.

Kakar tana zuwa sau biyu a shekara, da Ƙaramar Salla da Babba. Ana farawa da Hawan Idi, lokacin da Sarki ke dawowa daga masallacin Idi na Ƙofar Mata. Kashegari da yamma a yi Daushe, Sarki ya je Babban Ɗaki gaida mahaifiya, ya zagayo ya shigo ta Ƙofar Kudu a yi jahi. Sai Hawan Nassarawa, wanda ke fita daga ganuwa ya kai Gidan Gwamnati, sannan a rufe da Ɗorayi ko Fanisau. Kowane hakimi yana wucewa da tawagarsa, kowace tawaga da makaɗanta. Ke nan a 'yan kwanakin nan, mai sauraro zai ji rukuni bayan rukuni, a titi ɗaya, a gaban jama'a ɗaya. Ko ba a ce gasa ba, gasa ta haɗu.

A Amurka akwai abin da ya yi kama da wannan. Tun 1972 wata ƙungiya mai suna Drum Corps International take shirya gasar rukunonin matasa masu ganguna da ƙahonin ƙarfe. Suna yawo gari-gari a watannin zafi, su ƙare da wasan ƙarshe a watan Agusta, wanda tun 2009 ake yi a birnin Indiyanafolis. Alƙalai na ba da maki bisa 100, magoya baya na tafka musu a kan maki ɗaya ko rabi har shekara ta zagayo. Tsarin yana da kyau, ya kuma sa an adana wasanni da yawa. Sai dai can ɗan kallo mai sayen tikiti ne, hukunci na hannun wasu. A Kano ba a sayar da tikitin gefen titi, kuma hukuncin da gefen titi ya yanke ba a ɗaukaka ƙara a kansa.

Kunnen da ke yanke wannan hukunci ya daɗe ana horar da shi. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Dauda, wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438, wani ɗan sarautar Barno da ake kira Dagaci ya iso da ganguna da kayan busa da tutoci da bindigogi. Littafin ya kuma lissafa kakaki da figini cikin abubuwan da Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya tsiro da su a fada. Bayan jihadi an yi ja-in-ja a kan kiɗa, domin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki kaɗe-kaɗen sarakunan Haɓe a littafinsa Kitabul Farƙi, ya bar ƙofa ga gangar da ake bugawa don wata bukata ta shari'a, kamar tara runduna. Duk da haka, da Ibrahim Dabo ya hau gado a 1819 ya maido da sarautu da al'adun fada da dama, kayan kiɗan suka ci gaba da zama a Gidan Rumfa. Wanda ya tashi a Yakasai ko Kurawa ko Soron Ɗinki, da jin kakakin daren Juma'a ya girma, kamar yadda kakanninsa suka girma.

Abu na farko da wannan horo ke koya wa mutum shi ne cewa kayan kiɗa suna da muƙami. Tambari na Sarki ne shi kaɗai. A hawa akan ɗora tambura a kan raƙumi, kuma sautinsu mai zurfi a ƙirji ake fara jin sa. Kakaki ma alamar mulki ne. Dogon bututun ƙarfe ne da ake harhaɗa shi gaɓa-gaɓa, tsawonsa ya fi na mai busa shi nesa, kuma ɗaga shi sama a riƙe daidai kaɗai aiki ne, balle a cika shi da iska ana tafiya. Sai farai da ƙaho da ƙuge, sai jauje da kotso da taushi da banga, kowanne da inda yake shiga da wanda ake yi wa. In aka ji wani abu a inda bai dace ba, dattawan gefen hanya ne farkon masu tsaki.

Algaita ce ta fi kowa shan jarrabawa. Ƙaramar aba ce, itace da aka lulluɓe da fata, da 'yan ramukan yatsu, da bakin ƙarfe, da ɗan kara a can ƙarshe wanda ke shigewa baki gaba ɗaya. Akwai wani faifan ƙarfe da leɓɓa ke tokara. Mai busa yakan tara iska a kumatu har su kumbura tim, ya riƙa matsa ta cikin algaitar da kumatun yayin da yake shaƙar sabuwa ta hanci. Shi ya sa sautin ba ya yankewa. Gwani zai bi titi mai tsawo, a kan doki ko a ƙasa, cikin ƙura da ƙarar bindiga, ba a ji inda ya ja numfashi ba. Masu sauraro sun san wannan sarai. Suna jiran lokacin da 'yan bindiga za su saki wuta, dawaki su zabura, hayaƙi ya turnuƙe, su ji ko algaitar za ta fito daga cikin hayaƙin a kan layin da ta shiga. In ta fito, guɗa ce ke biyo baya. In ta sarƙe, ba wanda zai yi ihu, amma an gani, kuma za a faɗa da daddare.

Sai maganar take, wadda ita ce zuciyar al'amarin. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana hawa ko sauka ko faɗuwa. Makaɗin kalangu ko jauje yana matse tsarkiya a hammata ya sassauta, fata ta ɗaure ta saki, gula ta fitar da hawa da saukar magana. Mai kotso da yatsu yake yi, a kan fatar da aka manna wa nake. Ko kakaki, da muryoyinsa biyu kacal, yana iya kiran suna. Saboda haka abin da baƙo ke ji a matsayin amo, ɗan gari magana yake ji: kirarin sarauta, sunan uba da kaka, wani lokacin har da habaici ga abokin hamayya. Sanƙira ko maroƙin baki yana fassara wa wanda bai ji ba, amma mai kunne ba ya jiran fassara. Hannun makaɗi yake aunawa. Shin maganar ta fito tas, ko ta cakuɗe? Shin manyan ganguna da ƙanana sun ba juna hanya? Shin kiɗan ya hau kan takun doki, har dabbar ta kama rangaji, ko kuwa kowa tasa yake yi? Waɗannan ma'aunai ba a rubuta su a ko'ina ba, amma da wuya a sami masana biyu a Mandawari da Gwale da za su saɓa a kansu.

Makin da jama'a ke bayarwa a bayyane yake. Akwai guɗar mata daga kan soraye da ƙofar gida. Akwai jinjina, da "Allah ya ja zamani" da ke tashi kamar da baki ɗaya. Akwai kuɗin da ake liƙa wa makaɗi a goshi, ko a cusa masa a aljihu yana tafiya. Mafi girma duka shi ne a bi rukuni: samari su bar inda suka kama tun rana, su shiga ƙura suna rawa a bayan ganga har wata unguwa. Rukunin da ya wuce mutane na duba wayoyinsu ya san matsayinsa. Bayan magariba kuma sai zaman bita, a teburin mai shayi da dakalin ƙofar gida, inda za a yi ta musu kan gidan da ya fi kiɗa bana, a kwatanta da bara, a tuno marigayi Abdurrahman Sarkin Kotso da zamanin Ado Bayero, wanda ya shekara 51 yana mulki, daga 1963 zuwa 2014. Tsofaffi kan ce an rage hannu. Samari kan ce ba a rage ba. Wannan musun shi ne makarantar da yaro ke zama a gefe yana koyon saurare.

Ba kiɗan sarauta kaɗai ke samun wannan kulawa ba. 'Yan tauri da mafarauta suna shigowa da gangunansu, kuma nasu magoya bayan sun fi kowa zafin kai. Badujalar 'yan sanda da ta 'yan sikawut tana da masoyanta a ranakun fareti, bandirin Ƙadiriyya kuma yana cika titunan Kabara ranar Maukibi. Birni ne da kunnensa ya saba da rarrabewa.

Akwai wani abu a wannan ƙauna da ya kamata a faɗa ba kwana-kwana. Jama'ar da ke yi wa makaɗi guɗa ranar Salla, su ne ke kiransa maroƙi da wata irin murya bayan Salla, kuma gidaje da yawa har gobe ba sa son ba shi aure. Ana ƙaunar kiɗan, ana raina mai yin sa. Sakamakon a fili yake: sana'ar gado ce, ɗa ke karɓa daga uba, amma ɗan mai algaita da ya ga yadda ake kallon mahaifinsa, da abin da ke shigowa gida tsakanin Salla da Salla, yana da dalilin da zai kama tuƙin adaidaita sahu. Kyautar hakimi ta riga da hatsi da doki, wadda a da take riƙe gidan makaɗi shekara guda, ta ja baya tun da aka karɓe haraji da shari'a daga hannun masarautu. Liƙin kwana huɗu ba zai cike gurbinta ba.

Sannan kakar kanta ta fara tsallake. A 2019 aka ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, hakimai da yawa suka koma hawa a can da makaɗansu. A 2020 annobar korona ta hana hawa. Bayan rikicin sarautar da ya ɓarke a watan Mayun 2024, 'yan sanda sun hana hawan Babbar Sallar shekarar, aka sake hanawa a 2025. Kowa na lissafin asarar masu otal da masu hayar doki da maɗinka, kuma asara ce ta gaske. Wadda ba a lissafawa ita ce ta yaron da ya kai shekarun fara gane take, bai ji an kaɗa shi a titi ba. Ko a shekarun da aka yi hawa, fargabar 'yan daba da masu ƙwacen waya ta sa iyaye da yawa na tsare 'ya'yansu a gida, dattawan da ke bayani a gefen hanya su ma suna raguwa. Bidiyon waya yana taimakawa wajen yaɗa hawan, amma daƙiƙa 30 yake ɗauka, ya nuna rawani, sau da yawa ma a cire sautin wurin a ɗora waƙar situdiyo a kai. Wanda ya san hawa ta wannan hanya zai san kalar alkyabbar kowa, ba zai san taken kowa ba.

Ba daga sifili za a fara gyara ba. Tun 1971 David Ames da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero kuma ya yi shekaru yana tattara tarihin makaɗa da mawaƙa. Abin da ya rage aiki ne na sauti. Majalisar Masarauta da Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa suna iya zaunar da Sarkin Kakaki da Sarkin Tambari da makaɗan kowane gidan sarauta, a naɗi kowane take shi kaɗai, mai shi ya faɗi abin da gangar ke cewa da bakinsa, a ajiye a Gidan Makama inda 'yan makaranta ke zuwa. Gidajen rediyon Kano, waɗanda ke ba ƙwallon Turai sa'o'i a mako, suna iya ware rabin awa a watan azumi su kaɗa take su tambayi masu sauraro na wane ne. Masu ɗaukar hoton hawa su bar sautin wurin yadda yake, su kuma rubuta sunan rukunin da ke kiɗa kamar yadda suke rubuta na mahayi. Hakimai su yanka wa makaɗansu wani abu na wata-wata. Duk mai ɗa ko jika a cikin birni kuwa, in Allah ya kai mu hawa na gaba, ya kama hannunsa su tafi tare, su tsaya kusa da masu ganga, ya riƙa gaya masa sunan kowane take yana wucewa.