Jinjina ga Masu Duba Yaran da Bakinsu Ya Yi Nauyi

A Sabo ta Ibadan, idan yaro ya shekara 2 bai fara haɗa kalmomi biyu ba, akan ce nauyin baki ne, zai buɗe. Wasu su ɗora laifin kan cuɗanyar Hausa da Yarbanci, alhali harshe biyu ba ya hana yaro magana. Masu gano gaskiyar lamarin sun cancanci jinjina: ma'aikatan gwajin ji da na koyar da magana a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, wanda aka buɗe a 1957, kusa da unguwar Mokola.

Da kunne suke farawa, domin yaron da ba ya ji sosai ba zai kwaikwayi magana ba. Daga nan ma'aikaciya ta zauna ƙasa da shi, ta ajiye kofi da cokali, ta ce ya miƙo ɗaya, tana lura ko yana waiwayowa in an kira sunansa, ko yana nuni da yatsa. Ta tambayi uwa ko ya yi shawara yana jariri, ko sanƙarau, ko kunnensa na zubar da ruwa. Ba ta gaggawa, ba ta ɗora wa uwa laifi.

Sai mu haɗa da malaman da ke horar da masu wannan aiki a Sashen Ilimi na Musamman na jami'ar, da Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya saka musu da alheri.