Littafin Lissafi da Harshen Jama'a: Tsokaci a Kan The Reckoning na Jacob Soll

Wannan takarda tsokaci ce a kan littafin The Reckoning, wanda masanin tarihi Jacob Soll ya wallafa a 2014. Jigon littafin shi ne, bunƙasar ilmi da mulkin da ke jin tsoron talakawa a Turai sun samo tushe daga dabarar 'yan kasuwar Italiya ta rubuta kowane ciniki sau biyu, a gidan abin da ya shigo da gidan abin da ya fita. Marubucin ya bi sawun dabarar daga Fulorans zuwa Holan da Faransa, kuma ya yi ƙoƙari ƙwarai.

Sai dai hujjojinsa ba su kai inda yake son su kai ba. Alal misali, Colbert ya tsare wa Sarki Louis na 14 lissafin baitulmali tsaf, amma hakan bai rage wa sarkin mulkin kama-karya ba. Da Colbert ya mutu a 1683, sarkin ya yi watsi da littattafan, ba wanda ya ce uffan, domin sirri ne na fada.

Abin da marubucin bai ba shi haƙƙinsa ba shi ne harshe. Luca Pacioli, wanda ya bayyana dabarar a littafinsa na 1494 a Benis, da Italiyanci ya rubuta, ba da Latin na malaman coci ba. Simon Stevin, wanda ya koya wa Yarima Maurice na Holan ajiye lissafi, shi ne ya rubuta ɗan littafi a kan lissafin goma-goma a 1585 da harshen Holan, har ya ƙirƙiro wa harshen kalmomin fannu waɗanda ake amfani da wasunsu har yau. Ta nan ne lissafin kanti ya haɗu da kimiyya.

Haka kuma a 1781 Jacques Necker ya buga rahoton kuɗin gwamnatin Faransa da Faransanci, aka yi ta rububin sayensa. Rahoton ma ba gaskiya zalla ba ne, don ya nuna rara alhali bashi ya yi wa baitulmali katutu. Duk da haka, tun da jama'a suka karanta shi da harshensu, suka fara ganin suna da hurumin tambayar inda harajinsu yake tafiya, shekaru takwas kafin juyin juya halin 1789.